Laburare da Taron Jama'a a Birnin Bauchi: Waiwaye a Kan Majalisar Taɗi

Gabatarwa

Idan aka ambaci laburare, abin da yakan fara zuwa a zukatan ɗalibanmu shi ne wani ɗaki mai tarin littattafai jere a kan kanta, da ma'aikaci zaune a bakin ƙofa yana duba jaka, da ɗan allo a bango mai umurnin a yi shiru. Wannan siffa gaskiya ce, amma ba ita ce ta shigar da laburaren En'e na Bauchi cikin tarihi ba. Abin da ya shigar da shi shi ne wani zama da wasu 'yan boko kimanin 20 suka yi a cikinsa a tsakiyar shekarun 1940, bayan hukuma ta rufe musu dandalin da ita da kanta ta buɗe musu. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin tarukan da aka riƙa shirya wa jama'a a laburare da kewayensa a birnin Bauchi, tun daga wancan zama har zuwa tarukan bita na zamaninmu, domin a duba tambaya guda, wato wane ne ke zaɓen abin da za a tattauna a irin waɗannan taruka. A ganina amsar wannan tambaya ita ce ta bambanta shirin da ya haifar da wani abu da shirin da aka watse aka manta da shi.

Littafi da taro a gargajiyance

Kafin a zo ga Turawa, ya kamata a tuna cewa Bauchi ba ta san littafi daga hannunsu ba. Malam Yakubu, wanda ya kafa birnin a farkon ƙarni na 19, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, kuma da karatu ya sami tuta. Gidajen malamai na cikin gari suna da littattafansu na fiƙihu da nahawu da tafsiri, rubutun hannu, a cikin gafaka. Sai dai abin lura shi ne, a wannan tsari littafi ba ya rabuwa da taro. A zaure ake buɗe shi, ɗalibi ya karanta da ƙarfi, malam ya fassara, na gefe ya ji ya ƙaru ko da bai iya baƙi ba, wanda bai gane ba ya yi tambaya. Ko kalmar karatu a bakin Bahaushe ta fi karkata ga abin da kunne ke ji a kan abin da ido ke gani. Saboda haka lokacin da aka kawo ɗakin da ake so mutum ya shiga shi kaɗai, ya ɗauki littafi shi kaɗai, ya zauna bai ce uffan ba, an kawo baƙon abu ne sau biyu: baƙon rubutu da baƙuwar ɗabi'a.

Ɗakunan karatu na zamanin yaƙi

Ɗakunan karatu na En'e sun bazu a garuruwan Arewa ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila. Ba ƙaunar adabi ce ta sa gwamnatin Ingila ta gina su ba. Tana neman soja, tana neman gyaɗa da auduga da kuza, tana kuma son jama'a su ji labarin yaƙin daga bakinta kafin su ji shi a kasuwa. Don haka aka tanadi wuraren da za a ajiye jaridu da hotunan fagen fama da 'yan littattafai, aka ɗora wa baitulmalin En'e nauyin kula da su. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairu na 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, ita ma wani ɓangare na aikinta ke nan, wato kashe jita-jita.

A can Ingila ma a daidai wannan lokaci ra'ayin tara mutane su tattauna ya sami karɓuwa a wurin hukuma. A 1941 rundunar sojan Ingila ta kafa wani sashe na musamman da ke shirya wa sojoji zaman tattaunawa kowane mako a kan al'amuran yau da kullum, bisa tunanin cewa sojan da ya san dalilin yaƙi ya fi wanda bai sani ba. Ma'aikacin mulkin mallaka na wancan zamani ya san da wannan salo, kuma ba zai ga aibu ba idan ya gwada shi a lardinsa, muddin shi ne ke riƙe da linzami.

A Bauchi kuwa an yi dace, ko kuma a ce hukuma ta yi rashin sa'a, domin a 'yan shekarun nan garin ya tara wasu mutane da ba kasafai ake samun irinsu a wuri guda ba. A Makarantar Midil akwai Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya riga ya rubuta Shaihu Umar tun a gasar rubutun 1933, yana riƙe da muƙamin hedimasta. Akwai Malam Yahaya Gusau. A 1942 aka turo musu wani saurayi ɗan shekara 22 da ya gama Kwalejin Kaduna, wato Malam Aminu Kano. A cikin gari kuma ga Malam Sa'adu Zungur, ɗan gidan malamai, wanda ya haɗa karatun zaure da na Kwalejin Yaba ta Ikko, ya koyar a Zariya, ya kafa ƙungiyar tattaunawa a can, sannan rashin lafiya ta dawo da shi gida. Ciwon ya raunana masa jiki, amma bai taɓa masa harshe ko alƙalami ba. Malam Aminu yakan je wurinsa su raba dare suna hira, kuma daga baya bai taɓa ɓoye cewa Malam Sa'adu ne malaminsa na siyasa ba.

Abin da ya fi damunsu a lokacin ba wani zurfaffen ra'ayi na littafi ba ne. Bayan Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan ma'adinan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar talakawa da ƙarfin hukuma daga lardunan Arewa, har da na Bauchi, ana kai su haƙar kuza a cikin sanyin tsaunuka, babu isasshen abinci, babu mayafi, da yawa suka mutu a can ko a hanyar gudu. Wannan shi ne abin da jama'a suka sa wa suna ɗiban gwamna. Hakimai da dagatai ne ake bai wa adadin mutanen da za su kawo, saboda haka talaka ya ga hannun Bature da na sarauta a cikin abu guda. Malam Sa'adu da abokansa suka haɗu a wata ƙungiya ta neman ci gaban Bauchi wajejen 1943, suka kuma riƙa aika wasiƙu ba sa hannu zuwa jaridar West African Pilot ta Dokta Nnamdi Azikiwe da ke Ikko, suna fallasa abin da ke faruwa.

Majalisar Taɗi

Babban Di'o na Bauchi a lokacin, Mista A. J. Knott, ya gano inda wasiƙun ke fitowa. Yana da ikon ya sa a kori malamin makaranta daga aiki, amma sai ya zaɓi wata hanya. Ya kawo shawarar a kafa dandali a ƙarƙashin inuwar hukuma, inda kowa zai zo ya faɗi abin da ke ransa a fili, maimakon a riƙa kai ƙarar Bauchi Ikko. Haka aka kafa Majalisar Taɗi ta Bauchi. Ana zama mako-mako, ana gayyatar shugabannin ma'aikatun En'e da malaman makaranta da akawuna da 'yan kasuwa da Turawan mulki, a ɗauki batu guda kamar tattalin arziki ko kiwon lafiya ko yaƙi ko dimokuraɗiyya, wani ya gabatar, sauran su tofa albarkacin bakinsu. Aka naɗa Malam Aminu sakatare.

A nan ne nake ganin Di'o ya yi kuskuren lissafi, irin wanda masu mulki sukan yi idan suka ɗauki muƙamin sakatare a matsayin aikin ɗan aike. Sakatare shi ke rubuta takardar gayyata, shi ke tsara batun mako, shi ya san wanda za a ba dama ya buɗe magana. Watau an ba wa wanda ake son a rufe wa baki ikon zaɓen abin da gari zai tattauna. Ba a daɗe ba batutuwan suka tashi daga tsabtar gari da noman damina suka doshi inda hukuma ba ta so, har aka kai ga muhawara a kan mulkin En'e kansa, wato tsarin da Lugga ya kafa na mulkar talakawa ta hannun sarakuna. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wasiƙar da ake bugawa a Ikko mutum nawa ne ke karanta ta a Bauchi? Amma maganar da aka faɗa a gaban Razdan da manyan gari, kafin gari ya waye ta kai kowane zaure.

A wannan muhawara ne bambancin da zai raba siyasar Arewa shekaru masu yawa ya fara bayyana. Malam Aminu da Malam Sa'adu suna ganin tsarin ya gama amfaninsa, ya kuma kauce wa adalcin da masu jihadi suka kafa daula a kansa, domin sarki ya koma mai amsa wa Bature maimakon mai amsa wa shari'a da jama'a. Malam Abubakar bai musa cewa akwai ɓarna ba, amma ra'ayinsa shi ne gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba: a tsabtace En'e, a sa masu ilmi a ciki, a bi a hankali. Mu da muka zo daga baya mun saba raba su gida biyu, wannan jarumi wancan mai tsoro, ko wannan mai hankali wancan mai rigima, gwargwadon jam'iyyar da iyayenmu suka bi. Ni dai abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, hedimasta da ƙaramin malaminsa suna iya yin gardama mai zafi a gaban jama'a da yamma, da safe kuma su haɗu a makaranta kowa ya kama aikinsa.

Ƙarshen Majalisar ya zo ne ta hanyar tambaya guda. Kamar yadda Alan Feinstein ya kawo a tarihin rayuwar Malam Aminu da ya wallafa a 1973, an yi wani zama da Sarkin Bauchi Yakubu na Uku, wanda ya yi sarauta daga 1941 zuwa 1954, ya halarta. Sai aka tayar da maganar ma'aunin da ake bi wajen yanka wa sarakuna albashi. Da aka amsa cewa ana duba nauyin aikin da ke kan kowane sarki ne, sai Malam Aminu ya nemi a bayyana masa dalilin da ya sa albashin Sarkin Bauchi bai kai na Lamiɗon Adamawa ba. A yau wannan tambaya ba za ta tayar wa kowa da hankali ba. A wancan zamani kuwa, a ce ɗan saurayi malamin makaranta ya ɗora albashin sarki a faifai, sarkin yana zaune, Bature yana zaune, abu ne da ba a taɓa ji ba. Tambayar tana da kaifi biyu, domin a zahiri kamar tana neman wa Sarki hakkinsa ne, a baɗini kuwa tana nuna wa kowa cewa Bature ne ke yanka wa sarki albashi kamar kowane ma'aikaci. Aka rufe zaman ba shiri, ba a jima ba kuma aka rushe Majalisar gaba ɗaya.

To, a nan ne laburare ya shigo. Da aka rufe wancan dandali, Malam Aminu da Malam Sa'adu suka kafa wata ƙungiya tasu ta kansu, wadda suka kira cibiyar jama'ar Bauchi, kuma zamanta na farko, da mutane kimanin 20, a laburaren En'e da ke kusa da fadar Sarki aka yi shi. Ya kamata a tambaya, me ya sa can? Makaranta ta gwamnati ce, kuma hedimasta zai amsa tambaya idan aka yi taron siyasa a cikinta. Masallaci ba wurin wannan magana ba ne. Zauren wani mutum kuwa, duk wanda ya shiga ya zama yaron mai gidan, kuma mai gidan ne dogari zai nema. Laburare shi kaɗai ne ɗakin da aka gina da kuɗin harajin kowa, aka kuma ce ƙofarsa a buɗe take ga kowa, ba a tambayar mai shiga ɗan wane ne. Hukuma ta faɗi haka ne don a zo a karanta abin da ta ajiye. Su kuwa suka riƙe ta a kan maganarta, suka shiga suka zauna, suka tsara abin da za su tattauna da kansu, 'yan taku kaɗan daga ƙofar fada.

Kada a ƙawata abin fiye da kima. Mutum 20 ne a cikin gari mai dubban jama'a, kuma sunayen da tarihi ya riƙe duk na maza ne, akasarinsu masu albashi. Manomin da aka ɗiba zuwa Jos ba ya cikin ɗakin, matarsa ma haka. Amma daga wannan ɗan da'ira abubuwa suka yi rassa. Malam Abubakar ya tafi karatu Landan a 1945, Malam Aminu ya bi shi a 1946, inda ya shiga haɗa kan malaman makarantun Arewa a ƙungiya guda. A 1948, da sabon Gwamna Macpherson ya tsara rangadi bai sa birnin Bauchi a ciki ba, Malam Aminu da Malam Sa'adu suka tara jama'a gangami don neman ya zo, taron da ake lissafawa cikin na farko irinsa a Arewa. Hukuma ta mai da Malam Aminu Maru, can ƙasar Sakkwato. A watan Agusta na 1950 Malam Abubakar ya miƙe a majalisar Kaduna ya kawo ƙudurin a yi wa mulkin En'e garambawul, a cikin wannan watan ne kuma aka kafa NEPU a Kano. Muhawarar Bauchi ce ta koma ta Arewa baki ɗaya, kowane ɓangare da hujjojin da ya riga ya gwada a gaban 'yan'uwansa.

Bayan haka

Tarihin ɗakunan karatun kansu bai yi armashi kamar na mutanen da suka zauna a cikinsu ba. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, wanda ya riƙa aika akwatunan littattafai zuwa ɗakunan karatu na En'e yana kuma horar da masu kula da su. A 1953 UNESCO ta yi babban taro a Badun a kan bunƙasa laburaren jama'a a Afirka, kuma Jihar Gabas ta yi saurin kafa hukumar laburare da doka a 1955, abin da Arewa ba ta yi ba a lokacin. Shirin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 shi ne ya fi kusa da kai karatu ga talaka, da azuzuwan manya na yamma da ƙananan littattafan hukumar NORLA da jaridun larduna, ciki har da Zumunta ta lardin Bauchi. Sai dai ajin yana gefe, ɗakin karatu yana gefe, ba a ɗaura musu aure ba, wanda ya koyi baƙi kuma ya rasa inda zai je ya ci gaba. Rahoton F. A. Sharr na 1963 a kan bukatun laburare a Arewa ya nuna raunin tsarin da ƙarancin ƙwararrun ma'aikata, kuma yana cikin dalilan buɗe sashen koyar da aikin laburare a Jami'ar Ahmadu Bello a 1968. Da aka yanka jihohi a 1967 aka raba gadon Kaduna, Bauchi ta faɗa Jihar Arewa maso Gabas mai hedikwata a Maiduguri, sai a 1976 ta sami jiharta, daga baya kuma hukumar laburarenta.

A farkon wannan ƙarni aka buɗe Cibiyar Farfesa Iya Abubakar a Bauchi da taimakon gwamnatin Amurka, aka kuma keɓe wani sashe da aka kira American Corner a harabar laburaren jiha, inda aka riƙa koyar da kwamfuta da amfani da intanet, ana nuna finafinai, ana yin laccoci da bayanin hanyoyin neman karatu a Amurka. Matasa da dama sun fara taɓa kwamfuta a irin waɗannan wurare, kuma ba ni da abin cewa sai madalla. Amma mai nazarin tarihi ba zai kasa lura ba cewa bayan shekara 60, wata babbar ƙasa ce kuma ta sake keɓe kusurwa a laburaren Bauchi domin ta bayyana kanta ga jama'a. Wannan ba laifi ba ne, kowace ƙasa tana yin haka da kuɗinta. Abin tambaya yana kanmu ne: a cikin tarukan da laburarenmu ke shiryawa, da na masu ba da tallafi da na ma'aikatun gwamnati, nawa ne mutanen gari suka zaɓi batunsu?

'Yan shekarun baya an gayyace ni wani taron bita na kwana biyu a wani laburaren gwamnati a wata jiha ta Arewa, a kan farfaɗo da ɗabi'ar karatu. An kawo jadawali bugagge daga nesa, an rubuta wanda zai yi magana da mintocin da zai ɗauka, an kuma bar minti 15 a ƙarshen kowace rana don tambayoyi. Mu masu gabatar da takardu muka yi ta kukan cewa Bahaushe ba ya karatu, muna kawo misalai daga ƙasashen da yawancinmu ba mu taɓa zuwa ba. A rana ta biyu wani dattijo, tsohon malamin firamare, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ranka ya daɗe shugaban taro, ni tambayata ƙarama ce. Wannan ɗaki ana buɗe shi ƙarfe 8 na safe, a rufe ƙarfe 4 na yamma, Asabar da Lahadi kuma a garƙame. Malamin makaranta da tela da ɗan kasuwa, yaushe ake so su zo? Kuma da mu 'yan fansho za mu nemi a ba mu shi ranar Asabar da la'asar mu riƙa zama muna karanta wa juna jarida muna tattaunawa, za a ba mu?"

Shugaban taron ya duba takardar da ke gabansa, ya duba agogo. Ya ce, "Baba, wannan magana ce mai muhimmanci, amma ba ta cikin jadawalinmu na yau. A rubuto wa ofis." Daga nan aka yi addu'ar rufewa, aka raba shinkafa a roba, muka bi layi muka sa hannu a takardar alawus.